Guguwar Teku: A Faɗi Shakka Ko A Yanke Magana?

A gaɓar kudu maso yammacin jihar Florida ta Amurka akwai wani ɗan tsibiri mai suna Cayo Costa, wanda ba a zuwa sai da jirgin ruwa. Ranar 13 ga Agusta 2004 mahaukaciyar guguwar da aka laƙaba wa suna Charley ta sauka a kansa da iska mai gudun kilomita 240 a awa. Ranar 28 ga Satumba 2022 wata guguwar, Ian, ta sake sauka a wannan tsibirin dai, da ƙarfi daidai da na ta farko. Duk sau biyun, ana saura kwana ɗaya ko biyu, hankalin jama'a da kyamarorin 'yan jarida suna kan birnin Tampa, kimanin kilomita 150 arewa da wurin. Duk sau biyun, mutanen da abin ya faɗa wa sun ce ba su zata ba. Masu hasashen yanayi kuwa suka ɗauko taswirorinsu suka nuna cewa wurin yana cikin yankin da suka ce guguwar tana iya bi. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amma an yi jana'iza.

Daga irin wannan ne muhawarar ta taso. Idan masani bai tabbatar da inda guguwa za ta sauka ba, shin ya shimfiɗa wa jama'a shakkarsa yadda take, kowa ya yi wa kansa lissafi, ko kuwa ya haɗiye ta ya yanke magana ɗaya, ku tashi ko ku zauna? Kowane ɓangare yana da rayukan da aka rasa da yake kafa hujja da su, don haka babu wanda za a raina wa magana.

Kafin a shiga gardamar ya kamata a san inda shakkar take fitowa, don wasu na ɗauka sakaci ne ko rashin iya aiki. Guguwar teku ba ta riƙe da linzamin kanta. A kan ruwa mai ɗumi ake haifar ta, wanda zafinsa ya kai digiri 26 ko ya ɗara, amma tafiyarta tana hannun manyan iskokin da ke kewaye da ita, tun daga kusa da doron teku har can saman da jiragen fasinja ke bi. Kamar ƙwarya take a kan kogi, inda ruwa ya karkata nan za ta nufa. Wanda yake son sanin inda za ta kai nan da kwana huɗu, dole ya san halin da iska take ciki yau a faɗin dubban kilomitoci, wani lokaci har da iskar da ke gangarowa daga Kanada wadda ba ta ma iso ba tukuna. Ana auna abin da ya samu. Ana sakin balan-balan masu ɗauke da na'urori, taurarin ɗan'adam suna leƙowa tun 1960, a Amurka har jirage ake turawa su kutsa cikin idon guguwar su jefa ma'aunai. Duk da haka teku tana da faɗi, wuraren da ba a auna ba sun fi waɗanda aka auna yawa nesa ba kusa ba.

Wani masani ɗan Amurka, Edward Lorenz, shi ya gano girman matsalar a 1961. Yana maimaita wani lissafin yanayi a kwamfuta, sai ya shigar da 0.506 maimakon 0.506127, yana ganin ɗan abin da ya yar ba zai canja komai ba. Da lissafin ya yi nisa sai ga wani yanayi daban ɗungurungum. Ashe ƙaramin kuskure a awon yau kullum girma yake yi, har ya cinye hasashen. Shi ya sa manyan cibiyoyi suka daina dogara da lissafi guda. Cibiyar hasashe ta ƙasashen Turai, mai hedikwata a Reading ta Ingila, takan gudanar da lissafin sau 51, kowanne da ɗan sauyi a mafarinsa. In hanyoyin da suka fito sun taru wuri ɗaya, hankali ya kwanta. In sun watse, wasu sun nufi Florida wasu tsakiyar teku, to wannan watsewar ita ce iyakar abin da aka sani a ranar.

Mai karatu a Kano ko Damagaram kada ya ce ina ruwansa. Hadarin nan da muke gani yana haɗowa daga gabas da damina, da yawansa yana tafe ne tare da wasu igiyoyin iska da ke tasowa daga wajen tsaunukan Habasha da Darfur, su ratsa Chadi da Nijar da arewacin Najeriya da Mali, su faɗa Tekun Atlantika ta gaɓar Senegal da Gini, kusan duk bayan kwana uku zuwa biyar. Yawancinsu a teku suke mutuwa. Kaɗan ne ke rayuwa su zama guguwa, amma mafi yawan manyan guguwowin Atlantika daga nan tushensu yake, har da Charley da Ian. Tashoshin auna iskar sama a wannan yanki namu kuwa ƙalilan ne. Wani ɓangare na rashin sanin da ake fama da shi a Amurka, a sararin samaniyarmu yake farawa.

An ci gaba ƙwarai, wannan babu musu. A 1990 hasashen kwana uku na cibiyar kula da guguwa ta Amurka da ke Miami yakan kauce da fiye da kilomita 500. Yau kaucewar ba ta kai 200 ba. A 2012 lissafin cibiyar Turai ya hango cewa guguwar Sandy za ta karya kwana ta dawo gaɓar gabashin Amurka tun ana saura kusan mako guda, kuma haka aka yi, a New Jersey ta sauka. Amma kuskure bai ƙare ba, kuma don a nuna shi ne cibiyar Miami ta ɓullo da wani zane a 2002 mai siffar mazurari, tsukakke a inda guguwar take yanzu, yana ta buɗewa yayin da kwanaki ke ƙaruwa. Ga yadda ake zana shi: ana duba kurakuran shekaru biyar da suka wuce, a zana da'irar da za ta ƙunshi biyu bisa uku na kurakuran. Ta kwana ɗaya tana fita kimanin kilomita 75 daga tsakiya, ta kwana biyar kuwa kusan 400. Wato tun daga tushe an amince cewa kusan sau ɗaya cikin uku idon guguwar zai fita waje. Zanen kuma ba ya cewa komai game da girman guguwar, ko ƙarfinta, ko ruwan da take ɗauke da shi. Inda tsakiyarta za ta iya bi kawai yake nunawa.

A nan masu cewa a yanke magana suke fara kafa hujja. Suna cewa zanen da sai an yi wa mutum darasi kafin ya gane shi, bai dace a miƙa wa wanda ke da kwana biyu kacal ya yanke shawarar barin gidansa ba. Mutane da yawa suna ɗaukar mazurarin a matsayin iyakar ɓarna, na ciki ya shiga uku, na waje ya tsira. Wasu kuma in sun ga yana buɗewa sai su ɗauka guguwar ce ke ƙara girma. Ga kuma halin ɗan'adam, in aka ce masa wataƙila, kunnensa ya fi kama ɓangaren da zai bar shi ya kwana a ɗakinsa. Tashi kuwa ba wasa ba ne. Akwai kuɗin mai da na masauki, akwai ladan kwanakin da ba a fita aiki ba, akwai tsohuwa mai jinya da ba ta iya zaman mota, akwai tsoron ɓarayi. Duk wanda ke ɗauke da wannan nauyi, kalmar shakka ɗaya ta ishe shi uzuri.

Kuma ba talaka kaɗai ke fakewa da ita ba, har hukuma. Lokacin Ian, gundumomin da ke kewaye da Tampa sun ba da umarnin kwashe mutane ran Litinin. Gundumar Lee, inda Fort Myers yake, ta jira sai Talata da safe, guguwa kuwa ta sauka Laraba da rana. Jami'anta sun kare kansu da cewa hasashen ya fi karkata arewa, su a gefe suke. Teku ta yi toroƙo ta hau tudu har kusan ƙafa 15 a Fort Myers Beach, kuma a wannan gunduma aka fi asarar rayuka, mutum fiye da 70 cikin kusan 150 da suka rasu a jihar, da yawansu tsofaffi. Masu wannan ra'ayi suna ganin da an ce musu tun ran Lahadi ku kwashe mutanenku, ba tare da nuna musu wani gefe da tsakiya ba, da ba a kai ga haka ba.

Hujja ce mai nauyi, ban raina ta ba. Sai dai tana tsaye ne a kan zaton cewa in aka yanke magana, maganar za ta fita daidai, tarihi kuwa bai goyi bayan wannan zato ba. A Satumbar 1900 masanan yanayi na Kuba, waɗanda suka daɗe suna nazarin guguwa, sun ce wadda ta ratsa tsibirinsu ta nufi cikin Tekun Meziko. Hukumar yanayi ta Amurka ta tsaya kai da fata cewa za ta karkata arewa maso gabas ta bi ta Florida, dama kuma ta riga ta sa an toshe wa mutanen Kuba hanyar aika gargaɗinsu ta wayar tangarahu. Ranar 8 ga wata guguwar ta shafe birnin Galveston na jihar Texas. A ƙiyasi mafi ƙanƙanta, mutum 6,000 suka mutu. Magana ɗaya aka yanke a nan, babu wataƙila a cikinta.

Abin da ya faru lokacin Charley ma, in an duba da kyau, watsi da shakkar ne ya jawo shi. A tsakiyar mazurarin akwai wani siririn baƙin layi da ke nuna hanya mafi yiwuwa, kuma layin ta Tampa ya bi. Shi gidajen talabijin suka riƙe, shi jama'a suka ƙura wa ido. Gaɓar yammacin Florida kuwa kusan a jere take da hanyar duk guguwar da ta taso daga kudu, don haka ɗan karkacewa kaɗan zuwa dama ya isa ya matsar da wurin sauka da kilomita 100 ko fiye. Mutanen Punta Gorda, kusa da inda guguwar ta sauka, suna cikin zanen, gargaɗin hukuma ya haɗa da su, amma da yake layin bai bi ta kansu ba sai da yawa suka saki jiki. Tun daga lokacin cibiyar take roƙon jama'a su daina kallon layin, daga baya ma ta cire shi daga taswirar da take fara nunawa.

Akwai kuma abin da masu son umarni mai kaifi ɗaya ba su cika tunawa ba: gudun ma yana kisa. A Satumbar 2005, bai fi mako uku da 'yan kwanaki ba bayan Katrina ta nutsar da New Orleans, sai ga Rita ta doso Texas. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura. Mutum fiye da miliyan 2 da rabi suka hau titi kusan lokaci guda daga Houston da kewaye, har da waɗanda gidajensu ke nesa da teku. Motoci suka cushe, mai ya ƙare, zafi ya kusa digiri 38, tafiyar awa huɗu ta koma ta kwana guda. Wata bas da ta kwaso tsofaffi daga gidan jinya ta kama da wuta kusa da Dallas, mutum 23 suka rasu. Kimanin mutum 100 aka rasa a wajen gudun nan. Rita kuwa ta karkata gabas ta sauka a kan iyakar Texas da Louisiana, ɓarnar da ta yi a Houston kaɗan ce. Shekara 12 bayan haka, da Harvey ta zo a 2017, magajin garin Houston, Sylvester Turner, ya ƙi ba da umarnin tashi, yana tuna wa mutane wahalar da aka sha a kan titi a baya. Ana iya yarda da shawararsa ko a ƙi ta, amma ta nuna yadda babban gudun da ya tashi a banza yake ɗaure hannun wanda zai ba da umarni na gaba.

Masu cewa a faɗi shakka suna da wata hujjar kuma, ta mutunta jama'a. Manya masu hankali ake yi wa magana. Shugaban asibitin da zai kwashe marasa lafiya yana buƙatar kwanaki, don haka ko yiwuwar ɗaya cikin goma ta ishe shi ya fara shiri. Matashi mai mota, wanda ɗan'uwansa ke da gida a tudu, yana iya jira har gobe. Masunci yana da nasa lissafin. Magana ɗaya ba za ta yi wa dukansu daidai ba, sanin girman yiwuwar ne ke ba kowa damar auna halin da yake ciki. Mu kuma da muka taso muna jin cewa gobe ta Allah ce, masanin da ya ce iyakar sanina ke nan ya fi kwanta mana a rai a kan wanda ya bugi ƙirji, kuma shi ya fi kusa da gaskiya.

Ɓangarorin biyu dai sun ƙura wa hanya ido, har suna tsallake abin da ke yin kisan, wato ruwa. Wani nazari da Edward Rappaport na cibiyar Miami ya yi kan mutanen da guguwar teku ta kashe a Amurka daga 1963 zuwa 2012 ya nuna kusan 9 cikin 10 ruwa ne ya ci su: kusan rabi toroƙon teku, fiye da kwata ambaliyar ruwan sama. Helene ta sauka a arewacin Florida a Satumbar 2024, kusan daidai inda aka ce, amma inda ta fi kisa shi ne tsaunukan yammacin North Carolina, ɗaruruwan kilomitoci daga teku. Otis kuma, wadda ta ragargaza Acapulco ta Meziko a Oktobar 2023, ƙarfinta ne ya kuɓuce wa masana, don cikin kwana guda ta tashi daga matsakaiciyar guguwa zuwa mataki na 5, mafi girma. Ana iya cin hasashen hanya a kuma rasa mutane. Cibiyar Miami ta fahimci haka, tun 2017 take fitar da gargaɗin toroƙon teku daban, a 2024 kuma ta fara gwajin sabon zane mai ɗauke da launukan gargaɗi har cikin ƙasa.

Ni ina tare da masu cewa a faɗi shakka, amma bisa sharaɗi biyu, waɗanda in babu su hujjar ɗaya ɓangaren ce za ta rinjaya. Na farko shi ne kowa ya tsaya a huruminsa. Masani ya faɗi abin da ya sani da iyakar saninsa, shugaba kuwa ya ba da umarni, kuma kada ya jira sai guguwa ta kunno kai sannan ya fara tunanin wane mataki na haɗari ne ya isa a tashi. Wannan magana ce da ake yankewa tun hankali yana kwance, a rubuta a ajiye. Abin da ya fi ba ni takaici a labarin gundumar Lee shi ne tana da irin wannan rubutaccen tsari. Kamar yadda jaridar New York Times ta ruwaito, tsarin ya ce ko yiwuwar kashi 10 cikin 100 ce ta ruwan teku ya hau ƙafa shida, a kwashe mutanen yankin da ya fi kusa da ruwa, kuma alƙaluman cibiyar sun kai wannan mizani tun kafin Talata. Tsarin ya riga ya mayar da shakka umarni, bin sa ne ba a yi da wuri ba.

Sharaɗi na biyu ya fi girma, kuma ba daga Amurka za a koye shi ba. A Nuwambar 1970 guguwar Bhola ta kashe aƙalla mutum 300,000 a ƙasar da yau ake kira Bangladesh. A 1991 wata ta kashe kimanin 138,000. Tun 1972 ƙasar ta kafa rundunar 'yan sa kai tare da ƙungiyar agaji ta Red Crescent, dubun dubatar mutanen ƙauye maza da mata, masu bin gida-gida da lasifika, masu ɗaga tutocin gargaɗi. Aka gina dubban mafaka na siminti a kan dogayen ginshiƙai, waɗanda makarantu ne a sauran ranaku. Har tuddan ajiye dabbobi aka yi, don an lura manomi ba ya tafiya ya bar saniyarsa. Da Amphan ta zo a 2020 an kwashe mutum fiye da miliyan 2, waɗanda suka mutu a ƙasar ba su kai 30 ba. Jihar Odisha ta Indiya ita ma ta rasa kusan mutum 10,000 a 1999. A 2013 ta kwashe kusan miliyan guda kafin Phailin, aka rasa ƙasa da 50. Kwamfutocin Bangladesh ba su fi na Miami ba. Bambancin shi ne mutum yana iya takawa da ƙafarsa zuwa mafaka, ya kwana, in guguwa ta kauce ya koma gida da safe, asararsa ba ta wuce barcin dare da aikin yini ba. Wanda wannan ne iyakar abin da tashi zai ci masa, ana iya faɗa masa gaskiya cewa yiwuwar ɗaya ce cikin biyar, kuma ya tashi. Wanda kuwa tashi zai cinye masa abincin wata guda, ko an rantse masa sai ya yi jinkiri.

A nahiyarmu an ga fuskokin biyu. Idai ta sauka a Beira ta Mozambik daren 14 ga Maris 2019, bayan masanan Faransa da ke tsibirin Réunion, masu sa ido kan wannan sashe na Tekun Indiya, sun hango ta da kwanaki. Duk da haka fiye da mutum 1,000 suka mutu a Mozambik da Zimbabwe da Malawi. A 2023 sai ga Freddy, wadda ta yi kwana 36 a raye, mafi daɗewa a tarihin da aka rubuta. Daga kusa da Ostireliya ta taso, ta ratsa Madagaska, ta shiga Mozambik, ta koma teku, ta sake dawowa ta wajen Quelimane. Mozambik da ta ɗauki darasi ta kwashe mutane zuwa mafaka tun da wuri, waɗanda ta rasa ba su kai rabin na lokacin Idai ba. A kudancin Malawi kuwa, inda babu teku sam, ruwan sama ya ɓalle tsaunuka ya rufto da laka da duwatsu a kan unguwannin talakawa irin su Chilobwe a Blantyre, mutum fiye da 1,000 suka mutu ko suka ɓace. Gargaɗi an yi shi. Amma wanda ya gina ɗakinsa a gangaren dutse don nan ne kaɗai ya samu fili, ina aka tanadar masa ya je?

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗaura aniyar kowane ɗan'adam ya samu gargaɗin bala'i da wuri nan da 2027. Niyya ce mai kyau. Roƙona ga gwamnatocin Afirka da masu tallafa musu shi ne kada kuɗin ya ƙare a kwamfuta da saƙon waya. A gina makarantu masu ƙwari a wuraren da ruwa ba ya kaiwa a Beira da Quelimane da Blantyre, a horar da mutanen unguwa da za su bi ƙofa-ƙofa, a rubuta tun yanzu mizanin da in aka kai shi za a ce a tashi ba tare da jiran wani taro ba, a kuma ƙara tashoshin auna iska a Sahel.